Ƙwan LED mai CRI 95 da na saka a shagon ɗinki, ga abinda na gani bayan wata bakwai

Assalamu alaikum jama'a. Tun kwanaki wasu 'yan uwa teloli suke ta tambayata akan ƙwayayen lantarkin da na canza a shago, wai me yasa in an shigo wajena da daddare kaya suke fitowa daban, wani ma tambayata yayi ko fenti na sake. Ba fenti bane, ƙwai ne kawai, LED mai CRI 95, wato mai fito da launin kaya kusan kamar yadda hasken rana yake fito da shi. Nace bazan ce komai ba sai na mora su sosai, saboda sabon abu kowa yabonsa yake, to yanzu wata bakwai kenan, sun sha zafin bazara sun ga damina sun ga wutar gari mai hawa da sauka sun ga inbata da janareto, dan haka yanzu ina da bakin magana.

Bazan kama sunan kamfanin da yayi shi ba, na farko kar ace talla nake, na biyu akwai aibun da zan faɗa. Kuma gaskiya sunan ba shine abin dubawa ba, abinda aka rubuta a jikin kwali shine magana, zan zo kansa.

Bari in fara da abinda ya kaini ga sayensa, dan da ba haka ba wallahi bazan taɓa zuba kuɗi irin wannan akan ƙwai ba. Ana saura kwana shida ƙaramar sallah, kun dai san yadda shagon tela yake a lokacin, ba barci ba hutu daga shan ruwa sai sahur ana kan keke, wani Alhaji kwastomana na shekara da shekaru ya kawo shadda ruwan hanta mai tsada yace a yi masa aiki a wuya da aljihu da zare kalar shaddar sak, baya son aikin ya fito daban, yafi son sai an matso kusa a gane akwai aiki. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na zauna na jera zarurruka guda huɗu akan yadin a ƙarƙashin ƙwan shago, irin farin ƙwan nan na kasuwa mai kashe ido, na zaɓi wanda ya ɓace a jikin shaddar ɗif, har yaron shagona na kira nace duba min, yace maigida wannan ne. Muka ɗora a inji aka gama kafin asuba. Da hantsi Alhaji yazo, muka fito da rigar bakin ƙofa, sai ga zare ruwan ƙasa ƙarara akan shadda ruwan hanta, ko daga tsallaken titi zaka gani. Bai yi faɗa ba, dattijo ne, cewa kawai yayi "Malam, ba haka muka yi da kai ba." Nace Alhaji kayi haƙuri laifina ne. Kwana biyu muka yi muna warware aikin da reza a hankali dan kar shaddar ta huje, kuma duk wanda ya san shadda ya san inda allura ta bi ta bi kenan, sai da na faɗaɗa aikin dan ya rufe sawun. Ko sisi ban karɓa ba.

Abin ya tsaya min a rai sosai, har na fara tunanin ko idona ne ya fara rauni in je asibiti. Ƙanina da yake karatun kimiyyar sinadarai a jami'a shine ya zo shagon da daddare, na bashi labari, ya ɗaga kai ya kalli ƙwan yace "Yaya ba idonka bane, wannan ƙwan ba fari bane." Nace kamar ya ba fari ba, gashi kuwa kana gani. Sai ya nemi tsohon faifan CD, muka samu wani a durowa, ya kashe sauran fitilun ya karkata bayan faifan ga ƙwan yace in duba bakan gizon da ya fito. Shuɗi mai ƙarfi sosai, sai wani ɗan wuri mai duhu-duhu tsakanin shuɗin da kore, sai kore da ruwan ɗorawa masu yawa, jan kuma ya ɗan leƙo ya mutu da wuri. Yace gobe da rana ka gwada da hasken waje amma kar ka haska rana kai tsaye a idonka. Na gwada, bakan gizo cikakke ba giɓi, jan nan har can ƙarshe mai kauri. Tun daga ranar na shiga karance-karance akan abin, har yanzu ban daina ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. LED shi kansa, wato ɗan mitsitsin abin da yake fidda haske a cikin ƙwan, launi ɗaya yake bayarwa, babu wani LED da yake fari daga asalinsa. Ja aka fara samu, Nick Holonyak a kamfanin General Electric a Amurka a 1962, irin ɗan jan wutan nan na jikin rediyo. Shuɗi ne ya gagari duniya kusan shekara talatin, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a jami'ar Nagoya a Japan suka shawo kan sinadarin galiyom naitirayid a ƙarshen shekarun 1980, sannan Shuji Nakamura a kamfanin Nichia ya fito da shuɗin LED mai haske sosai a 1993. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fizis a 2014, kuma masu bada kyautar har sun ambaci mutane sama da biliyan ɗaya da rabi da basu da wutar gwamnati, cewa wannan ƙwan da ɗan ƙaramin sola zai haska musu, wanda mu nan ba sai an bamu labari ba, kowane mai shayi da mai suya da mai cajin waya shaida ne. Dan haka ni bana raina ƙwan kasuwa, ya yi mana rana.

Shi Nichia ɗin dama can sana'arsa yin hodar fosfo ce, wato hodar da take shan haske ta mayar da wani launi, irin wadda ake shafawa a cikin doguwar fitila da gilashin tsohuwar talabijin. To a 1996 sai suka ɗauki shuɗin LED suka lulluɓe shi da wata hoda da ake kira YAG mai ɗauke da siriyom, hodar ta sha wani ɓangare na shuɗin ta mayar da shi ruwan ɗorawa, sauran shuɗin ya wuce, shuɗi da ɗorawa suka haɗu a ido sai ƙwaƙwalwa tace fari ne. In ka fasa mataccen ƙwai ka duba zaka ga 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, to hodar kenan. Mafi yawan ƙwayayen da ke kasuwa har gobe wannan dabarar ce. Ido yana yarda cewa fari ne in ya kalli ƙwan ko bango, amma yadi baya yarda, saboda yadi baya ƙirƙirar launi, abinda haske ya kawo masa shi yake mayarwa, in babu ja mai kauri a cikin hasken to ruwan hanta bashi da abinda zai mayar, sai ya dusashe ya koma kamar ruwan ƙasa, shi kuma ruwan ƙasa yana nan yadda yake, sai su zama ɗaya a idonka. Abinda ya faru da rigar Alhaji kenan. Kuma shi yasa in kaje Kantin Kwari zaka ga mai saye ya ja yadi ya fito da shi waje ya duba a rana, tun kafin mu san wani CRI mutanenmu sun san wannan.

CRI ɗin ma'auni ne na yadda haske yake fito da launin kaya, ƙarshensa 100. Hasken rana da tsohon ƙwan nan mai zafi mai siririyar waya a ciki suna can wajen 100. Ƙwayayen LED na gama gari suna tsakanin 70 da 80 ne, da yawa ma basa rubutawa. Amma akwai wani abu da ƙanina ya ja kunnena akai, lambar CRI ɗin da ake rubutawa matsakaicin launuka takwas ne kuma duka takwas ɗin koɗaɗɗu ne, babu ja mai kauri a cikinsu. Jan yana da nasa ma'aunin daban, R9 ake ce masa, kuma ƙwai zai iya samun CRI 80 alhali R9 ɗinsa yana kusa da sifili. Mu teloli da masu saida atamfa da masu kwalliyar amare R9 ɗin nan shine namu.

To ƙwan da na saya, guda huɗu ne, wani abokina mai sarin kaya daga Chana ya haɗo min a cikin kayansa dan na zaga ban samu a kasuwa ba, duk shagon da na shiga nace ina son mai CRI 95 sai a miƙo min mai wat da yawa ace wannan yafi haske. A jikin kwalin an rubuta wat 12, 5000K (lambar da take nuna ɗumi ko sanyin farin), CRI 95, R9 sama da 80, lumen 1000 (yawan hasken kenan), gindinsa mai murɗawa ne E27, dan haka sai da na canza mariƙin ƙwai guda biyu da suke masu kunne. Yana da nauyi a hannu fiye da na kasuwa, gindin akwai ƙarfe a ciki ba roba zalla ba. Kuma shi ba shuɗin LED bane a cikinsa, shunayya ne, wato wanda yake can ƙarshen bakan gizo wajen nanomita 410 maimakon 450 na shuɗi a ma'aunin launin haske, sannan aka ɗora masa hoda kala uku, mai bada shuɗi da mai bada kore da mai bada ja. Kamfanin Soraa da Nakamura ya kafa da abokan aikinsa a 2008 da wannan dabarar ya yi suna, haka Seoul Semiconductor na Koriya ya fito da nasa mai suna SunLike a 2017. Nawa ba na ɗayansu bane amma hanyar ɗaya ce.

Daren farko da na kunna gaskiya raina ya ɗan ɓaci, saboda bai kai tsohon haske ba, na saba da wannan farin mai tsinin da yake dukan ido, wannan kuwa a kwance yake kamar hasken hantsi a inuwa. Sai da na juya na kalli kantar zare. Allahu akbar. Zarurrukan da nake ɗauka kala ɗaya na saya sau biyu ashe kala uku ne, ruwan hanta daban, ruwan goro daban, ruwan makuba daban. Nebi bulu da baƙi, wanda duk tela ya san wahalarsu da daddare, suka rabu tsaf. Ruwan toka mai ɗan kore da ruwan toka mai ɗan shuɗi suma haka. Na ɗauko guntun shaddar Alhaji da na ajiye da zaren da ya ja min asara na haɗa su a ƙarƙashin sabon ƙwan, ko daƙiƙa ɗaya ban yi ba na ga bambancin. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Na sake gwajin faifan CD, giɓin nan na tsakanin shuɗi da kore ya cike, jan ya miƙe har ƙarshe, ba dai kamar rana sak ba amma ya kusa.

Abinda ban zata ba shine farar shadda. Kun san farar shadda mai kyau a rana har wani ɗaukar ido take kamar tana fidda haske da kanta, amma a shago da daddare sai ta koma kamar ruwan madara, kwastoma yace anya wannan ce na kawo. Ashe da gaske fidda hasken take. Masaƙu suna saka wa farin yadi wasu ƙwayoyin sinadari, haka masu yin omo da farar takarda, waɗanda suke shan hasken da ido baya gani da kuma shunayya su mayar da shi shuɗi-shuɗi, wannan ɗan shuɗin shi yake kashe jirwayen ɗorawa na auduga sai fari ya fito tas. Iyayenmu bula suke sakawa a ruwan ɗauraya dan wannan manufar, sai dai ita bula rage ɗorawar kawai take, su kuma waɗannan ƙara haske suke. To ƙwan kasuwa mai shuɗin 450 baya iya tada waɗannan sinadaran sosai, sai su kwanta shiru, shi kuwa mai shunayya yana tada su. A ƙarƙashin sabon ƙwan farar shadda fara ce ƙal, har ina iya bambance fari biyu, wanda a da sai na jira gari ya waye. Wannan kaɗai ni a wajena ya biya kuɗin, dan rabin ɗinkin juma'a da na ɗaurin aure fari ne.

Yanzu aibu, dan akwai su kuma ba ƙanana bane.

Tsada. Kuɗin guda ɗaya zai saya maka na kasuwa biyar ko shida, ban da jiran da nayi na sati uku. Sannan haske, wat 12 ɗinsa bai kai wat 12 na kasuwa cika ɗaki ba, kuma wannan ba ha'inci bane haka abin yake, duk hasken da hoda ta sha ta canza masa launi sai wani abu ya salwanta ya zama zafi, daga shunayya zuwa ja kuwa tafiyar tana da nisa, ga shi kuma ja mai kauri ido baya jinsa da ƙarfi kamar kore da ɗorawa, dan haka kana biyan wuta akan launin da baya ƙara maka lumen sosai. Inda nake saka ƙwai biyu yanzu uku nake sakawa, wanda yake kan ƙaramin sola da batir ɗaya sai yayi lissafi da kyau. Kuma na wutar gida ne zalla, baya aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, dole sai ta inbata. Yana ɗaukar zafi, a watan Afrilu in ya yi awa uku baka iya riƙe gindinsa, dan haka kar a kulle shi cikin gilashi ko rufaffen gida, zafi shine ajalin LED. Da damina kuma ƙwari sun fi taruwa a kansa fiye da tsohon, har shinge da cinnaku masu fiffike suna faɗowa kan yadi, sai da na matsar da na bakin ƙofa na mayar da ƙwai mai ruwan ɗorawa a wajen. Guda ɗaya cikin huɗun ya fara ƙyafta ido a wata na biyar bayan wani dare da wuta ta zo da rauni sosai, yanzu in ya ɗau zafi sai ya riƙa rawa, na cire shi, kuma ba inda zan mayar tunda ba a nan na saya ba. Wannan ya ƙona min rai, kaya mai wannan tsadar ya kamata ace an yi masa abinda zai jure hawa da saukar wuta. Sauran ukun lafiya lau, na gwada su da kyamarar waya babu layi-layin nan masu gudu, kuma launinsu bai canza ba har yau.

Tambayar da na yiwa ƙanina ita ce, to me yasa ba za a yi abu ɗaya da zai bada farin kai tsaye ba, sai an yi ta haɗe-haɗen hoda. Yace ai Yaya wannan tambayar taka ita ce mutane suke ƙare rayuwarsu akanta a ɗakunan bincike. Kuma dalilin neman ba kyau kaɗai bane. Hodojin nan da itiriyom da siriyom da yurofiyom ake yinsu, ma'adanai ne da Chana ce take tace mafi yawansu a duniya, a 2011 farashinsu yayi tashin gwauron zabi kowa ya ji a jikinsa. Sannan in ka haɗa abu uku, mai shuɗi da mai kore da mai ja, matsala biyu ce take tasowa wadda duk tela zai gane. Ta farko basa tsufa tare, kamar atamfar da kala ɗaya ya riga sauran koɗewa, a irin ƙwayoyin sinadarin da ake yi da kabon mai shuɗin ne yake fara mutuwa, sai farin ya karkace. Ta biyu suna cin junansu, hasken da mai shuɗi ya fitar sai mai kore ya shanye, na mai kore kuma mai ja ya shanye, dole sai an yi ta awo kamar mai haɗa magani. Da ace ƙwayar sinadari ɗaya ce take bada duka, in ta tsufa sai dai hasken ya ragu amma launin yana nan.

Abinda ya sa yake da wuya wata ƙa'ida ce da Michael Kasha ya bayyana a 1950. Ƙwayar sinadari in ta sha ƙarfi tana hawa sama ne kamar an ɗora ta akan matattakala, amma ko mataki na nawa ta hau bata fidda haske daga can, sai ta gangaro shiru zuwa matakin ƙasa tukunna sannan ta yi tsalle ɗaya ta fidda haske, tsalle ɗaya kuwa launi ɗaya ne. Zare ɗaya kala ɗaya. To masu binciken dabara suke nema ta yadda ƙwaya ɗaya zata samu wurin tsalle biyu ko uku. Wadda tafi burge ni ita ce ta ƙwayoyin da suke da ɗan haidurojin ɗaya da yake tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan in haske ya taɓa su, kafin ya tsallaka ƙwayar shuɗi take bayarwa, in ya tsallaka ta koma bada ɗorawa ko ruwan lemo, in aka daidaita ta yadda wasu sun tsallaka wasu basu tsallaka ba sai a samu fari daga abu ɗaya. Akwai kuma waɗanda in suna su kaɗai launinsu daban in sun manne da 'yan uwansu launinsu daban. Wata tsohuwar matsala ma ita ce da yawan ƙwayoyin nan suna haske a cikin ruwa amma da zarar an busar da su sun cunkushe sai su mutu, sai a 2001 Ben Zhong Tang a Hong Kong ya nuna wasu da suke yin akasin haka, sai sun cunkushe suke haske, wannan ya buɗe ƙofa babba tunda ƙwai ai ba da ruwa ake yinsa ba.

Wannan reshen yana da alaƙa da OLED, wato LED da ake yi da ƙwayoyin kabon, irin gilashin manyan wayoyin nan, wanda Ching Tang da Steven Van Slyke suka fara a kamfanin Kodak a 1987, sannan Junji Kido a jami'ar Yamagata ya fitar da fari daga cikinsa a shekarun 1990. OLED na farko-farko kashi 25 cikin 100 kawai na wutar da ta shiga suke iya mayarwa haske, sai da aka saka ƙarafa masu tsada irin iridiyom aka kamo sauran, sannan a 2012 Chihaya Adachi a jami'ar Kyushu ya nuna ƙwayoyin da aka yi da kabon da haidurojin da naiturojin kawai suna kamo kusan duka ba tare da ƙarfen ba. Akwai kuma waɗanda ba ƙwayoyin kabon bane amma burin ɗaya ne. A 2005 a jami'ar Vanderbilt a Amurka, a ɗakin binciken Sandra Rosenthal, an gano cewa 'yan mitsi-mitsin duwatsun kadmiyom selenayid in aka ƙanƙanta su sosai fari suke bayarwa. A 2014 Hemamala Karunadasa a Stanford ta fito da wasu duwatsu da ake kira ferobsikayit masu bada fari su kaɗai, sai dai akwai dalma a cikinsu, kuma mu da muka ga abinda gubar dalma tayi wa yara a Zamfara a 2010 bama buƙatar a yi mana bayanin haɗarinta, shima kadmiyom ɗin guba ne. A 2018 wasu masu bincike a Wuhan suka fitar da wanda ba dalma, da siziyom da azurfa da sodiyom da indiyom da ɗan bismut, yana mayar da kashi 86 cikin 100 na hasken da ya sha, kuma ya yi aiki sama da awa 1000. Abin a yaba ne sosai, amma ƙwan da ke kasuwa awa 15,000 zuwa sama ake rubuta masa, kaga akwai sauran tafiya.

Ga inda ni nake da magana a matsayina na wanda abin ya shafa. Masu binciken suna da wata taswirar launi, in haskensu ya faɗa kan maki 0.33 da 0.33 sai ace an samu fari tsantsa. To amma wannan makin abinda yake nunawa kawai shine hasken fari ne in ka kalle shi, bai ce komai akan yadda zai nuna shadda ruwan hanta ba. Ƙwan da ya ja min asara shima kusa da wajen yake. In ƙwaya ɗaya zata bada shuɗi da ɗorawa kawai, to an rage tsada an rage haɗe-haɗe, Allah ya saka, amma ni tela ina nan inda nake, zan sake ɗaukar ruwan ƙasa a matsayin ruwan hanta. Farin da nake jira shine mai ja a cikinsa har ƙarshe, mai cike giɓin nan na tsakanin shuɗi da kore, mai ɗan shunayyar da zata tada farar shadda, kuma ya jure zafin Kano. Ina fatan su riƙa kai yadi ɗakin bincike suna gwadawa, ba na'ura kaɗai ba.

To wa ya kamata ya saya. Tela musamman mai aiki da zare, mai saida yadi da atamfa da leshi, mai kwalliya da lalle, mai ɗaukar hoton kaya yana sakawa a WhatsApp da Instagram dan tun da na canza ƙorafin "ba kalar da na gani a hoto ba kenan" ya ragu min sosai, mai fenti da mai buga takardu, har mahauci da mai kayan miya zasu ga bambanci dan nama da tumatir da tattasai duk ja ne. Amma tsakar gida da banɗaki da zaure da fitilar tsaro, dan Allah kar ka ɓata kuɗinka, na kasuwa ya isa kuma yafi shi haske. Ɗakin kwana ma ban bada shawarar 5000K ba, yayi kama da rana da yawa, a nemi 2700K ko 3000K mai ɗumi. Kuma a lura lambar K ɗin ba ita bace kyawun haske, tana nuna ɗumi ko sanyin farin ne kawai, 6500K da ake rubuta masa hasken rana a kwali zai iya zama mai CRI 70.

In zaka saya duba kwali ka ga CRI ko Ra 90 zuwa sama, in an rubuta R9 ma yafi, wanda bai rubuta komai ba ka ɗauka na gama gari ne. Kuma tunda rubutu a kwali ba wuya gareshi ba, tafi da shaidarka a aljihu, guntun yadi ruwan hanta da ruwan ƙasa, nebi bulu da baƙi, da ƙyallen farar shadda, ka fara duba su a rana sannan kace a kunna maka ƙwan ka duba, ka kalli tafin hannunka ma, in ya koma fari-fari kamar na mara lafiya to babu ja a ciki.

Makin da na bashi 8 cikin 10. Ɗaya na cire saboda wanda ya lalace a wata biyar, ɗaya saboda tsada da rashin samunsa a kusa. Yanzu yadda na tsara shagon, biyu suna saman teburin yanka da kantar zare, ɗaya yana kan injin aiki, sauran wuraren na bar na kasuwa dan su cika haske, amma in zan haɗa zare sai na kashe su dan kar su gurɓata min. Na riga na ba abokina sautun guda shida kafin azumi, huɗu nawa biyu na maƙocina mai saida atamfa, kuma wannan karon sai na haɗa su da sitabilaiza.